Yumɓun da Na Kawo Daga Babila

"Hajiya ta ce a dakata da maganar ɗaurin auren."

Haka Sunusi ya faɗa min a waya, ina tsaye a tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, ta Old Trafford, biki ya matso har an raba kati. Na tambayi dalili, ya yi ta kame-kame, can ya ce saboda abin nan da na kawo masa daga Iraƙi.

Ni fa ɗaliba ce a Manchester, ina digiri na uku a kan tsofaffin birane. Bara jami'a ta kai mu kufan Babila. A can malamarmu ta koya mana rubutun mutanen da, wanda ake dannawa da tsinken kara a kan ɗanyen yumɓu. Na mulmula ɗan yumɓu kamar sabulun wanka, na danna sunan Sunusi, na shanya. Tsarabar ke nan.

Da na ajiye wayar ban koma gida ba, jirgin ƙasa na hau zuwa Birmingham, inda yake zaune.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo biki daga Kano, tana sauke a flat ɗinsa na Perry Barr. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki, carbi a hannu. Shi kuwa gogan yana raɓe a bakin ƙofa. A tsakar ɗakin akwai roba da ruwa ja-ja, ganyen magarya yana yawo a sama. Ina gani na san tsarabata ce ta narke a ciki.

Hajiya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce tana gyaran gadon yaron nan ta tsinci abu a ƙarƙashin matashi, duk zane-zane. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani, kuma ta san garin da aka ambata tare da Haruta da Maruta.

"Me aka rubuta a jiki?"

"Sunansa ne, Hajiya."

"Wa ya rubuta?"

"Ni..."

Ta yi salati a hankali. Wallahi sai a lokacin na ji yadda maganar take a kunne: ƙasar Babila, sunan namiji, ƙarƙashin matashi. Ko uwata ce da haka za ta ɗauka.

Sai na daina kare kaina, na ba ta labarin wurin. Na ce ba kowa a can sai zafi, da dabino, da bangaye masu kalar ƙasa irin tsohuwar ganuwar Kano, da wani zaki na dutse da yara ke ɗaukar hoto a gabansa. Na ce na ga tubali mai shatin yatsun wanda ya yi shi, na ɗora nawa a kai, sai kuka ya zo min. Mutumin nan yana da gida, yana da wadda yake so, yau ko sunansa babu wanda ya sani. Na ji tsoron duniya, na ji kewar Sunusi kamar raina zai fita. Shi ya sa na rubuta.

Ta saurare ni har na gama. Ta sa na rantse, na rantse. Ta ajiye carbin ta kamo hannuna, ta ce mai asiri ba ta amsa laifi da bakinta haka. Ta ce in yafe mata, biki yana nan.

Hawayen daɗi ya fara zubo min, sai ta ƙara da cewa:

"Ni ai tambaya kawai na yi, 'yata, ban taɓa shi ba. Shi ya jiƙa da hannunsa. Ya ce dama ya daɗe yana zargi, son da yake miki ya wuce misali."

Na juya. Sunusi, likita guda, wanda na kira daga cikin kufan nan ina nuna masa bangaye yana dariya, ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne?"

"Batulu, masoyiyata, ki fahimce ni... ko a wurin aiki ke nake gani. Sai na ce ko dai..."

"Ko dai me?"

Bai ƙarasa ba, ni ma ban so ya ƙarasa ba. Hajiya ba ta san ni ba, tana da uzuri. Shi kuwa ya san ni ciki da bai, ya ji sona a ransa, ya zauna yana tunanin wane boka ne ya sa masa. In na aure shi, duk ranar da ya yi min alheri zai riƙa duba ƙarƙashin matashi.

Na zare hannuna daga na Hajiya, na yi mata godiya, na ce Kawuna zai kira su. Tana ta kiran 'yata, 'yata, na sa takalmina.

Ya biyo ni har ƙasan bene yana roƙo, idonsa ya kaɗa. Ina sonsa, Allah Ya sani, har yanzu ina sonsa.

"Tunda ya narke, yanzu me kake ji?" na tambaye shi.

"Ina sonki fiye da da."

"To ka ga naka ne, Sunusi. Sai ka san yadda za ka yi da shi."

Ban yi kuka ba sai da jirgi ya bar Birmingham.