Masoro a Cikin Lagireto

Shin Hazwan ya kyauta da ya faɗi gaskiya a ranar, ko da shiru ya fi? Har yau ban san amsa ba.

Motar Haji Seruji, wadda ta girmi Hazwan da shekara talatin, ta tafasa a ƙofar garejin da Hazwan ke gyaran motoci, a birnin Kuching na ƙasar Malesiya. Da ta huce ya buɗe murfin lagireto, sai ƙamshin yaji ya daki hancinsa.

"Mota kuka kawo ko tukunyar miya?" ya ce.

Wata budurwa a kujerar baya ta tuntsire da dariya. Norlia ce, 'yar Haji. Hazwan ya manta sifanar da ke hannunsa.

Haji bai yi dariya ba. Shekara ashirin yana zuba garin masoro a ciki don ya toshe yoyo.

"Baba, masoron ne ya toshe hanyoyin ruwa. Sai an sa sabo."

"Rufe min mota, yaro."

Wata uku Hazwan bai zauna lafiya ba saboda tunanin Norlia. Ya ɗauki waya ya ajiye, ya kwance abin da ya ɗaure. Da ya tura manya neman aure, Haji ya ce wanda ya raina masoronsa ba zai zama surukinsa ba. Ga kuma Fikri, wani makaniken da ke son Norlia, kullum yana can yana cewa, "Ai Baba, dabararka ta fi ta injiniya."

Norlia ta turo saƙo: "Mai baƙin hannuna, marigayiya mamata ce ta koya masa dabarar, da masoron gonarta. Ka ce ka yi kuskure mana. Ko ka zo ranar Juma'a yana masallaci ka canja lagireton, ba zai sani ba."

Ya sayo sabon lagireton, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya rubuta: "Hasken idona, in na fara da yi wa mahaifinki ƙarya, ke ma wata rana za ki daina yarda da ni."

"To ka auri lagireton," ta amsa.

Kwana tara ba ta sake magana ba. A na goma aka jawo motar da igiya zuwa garejin Hazwan. Ashe Fikri ya ƙara masoro cokali biyu, suka hau tudun maƙabarta, ta tafasa kafin Haji ya kai kabarin matarsa.

Haji ya tsaya gaban injin, ya dubi Hazwan.

"Me ya sa ba ka canja a ɓoye ba? Ta gaya min ta ba ka shawara."

"Motarka ce, Baba."

Haji ya ce a sa sabon. Hazwan ya tsiyaye ruwan, ya cire tiyo na sama da na ƙasa. Da ya kai hannu kan notin ƙarshe, Haji ya riƙe masa hannu.

"Tsohon lagireton zan kai gida."

"Zan wanke maka shi."

"Kada ka wanke." Ya dubi Norlia, wadda ke share ido a bakin ƙofa. "Ka ce wa manyanka su dawo. A wannan motar za a kai amarya, Allah Ya yi muku albarka. Ba ni sifanar nan."

Ya durƙusa, ya kwance notin da hannunsa.