Ƙoƙon Kai Mai Haure Biyu

Wata yarinya a garin Tama tana kewar babanta ƙwarai. Tun bara ya tafi cin rani Abijan, har damina ta wuce bai dawo ba. In yara suna hirar iyayensu, sai ta yi shiru.

Ran nan ta hau dutse neman itace. A wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye, ta tsinci farin ƙoƙon kai mai dogayen haure biyu. Washegari ta naɗe shi a zane, ta tafi da shi lakwal, wato makaranta.

"Kan zaki ne," ta ce wa 'yan ajinsu. "Babana ya kashe shi kafin ya tafi."

Yara suka kewaye ta. Daɗi ya kama ta, don yau kowa zancen babanta yake yi.

Malaminsu Sha'ibu, wanda suke kira Mushe, wato malam, ya karɓa ya jujjuya shi. Ya ce, "Ku dubi haƙoran ciki. Masu faɗi ne, na niƙa ciyawa da saiwa. Wanga kan gyado ne, aladen daji. Kuma ya daɗe cikin ƙasa, ya girme ki."

Aji ya fashe da dariya. Ranar ba wanda ya yi wasa da ita.

A gida ta faɗa wa kakarta Cima kome, tana kuka.

"Mi ya kai ki ƙarya?" in ji Cima.

"So nake a riƙa tunawa da shi, Kaka."

Cima ta ce, "Da ina yarinya, gyado har bakin gonarmu yake zuwa da 'ya'yansa, wutsiya a miƙe. Da daji ya ƙare, suka ɓace. Ni ma ina marmarin ganinsu. Ubanki kuwa ko zomo bai taɓa kashewa ba. Itatuwan da ke gindin dutsen nan, da hannunsa ya shuka su. Shi ya kamata ki faɗi."

Da safe yarinyar ta miƙe gaban aji, ta ba da haƙuri, ta ba su labarin itatuwan. Mushe ya sa aka tafa mata.

Da marece innarta ta kira baban a waya. Da ya ji labari, ya yi ta dariya.

"Zaki? Ni da kare ke kora? Ki yi haƙuri, ɗiyata, ina nan tafe kafin shuka."

Daga ranar ta gane kewa ba ta halatta ƙarya. Gaskiyar babanta ta ishe ta alfahari.