Auta Ta Ƙi Miƙa Ɗanta

Auta na zaune a bakin gado, jaririnta na tsala kuka a cinyarta, ita ma hawayen take yi. Kan nononta ya tsattsage, duk sanda yaron ya kama sai ta cije leɓe.

Surukarta ta turo ƙofa riƙe da fida, kwalbar ba jarirai madara.

"Miƙo min shi. Nononki ba shi da kyau, ba zan zuba ido jikana ya lalace ba. Ki tafi gidanku ki huta, ni zan raine shi da madara."

Auta ta ƙara ƙanƙame yaron. "Mama, ki yi haƙuri, ba zan ba da shi ba. Akwai nas a asibiti, aikinta ke nan, koya wa masu jego shayarwa. Can za ni."

"Koyarwa? Ni da na shayar da wannan ƙaton, wa ya koya min?" Ta juya wurin ɗanta da ke raɓe jikin labule. "Injiniya, kana ji matarka na mayar min da magana?"

Ya sunkuyar da kai. Hakan ya fi ciwon ƙona wa Auta rai. Ta miƙe ta yafa mayafi.

"In ba za ka kai ni ba, akwai tasi."

Tana bakin ƙofa ta ji ƙarar makullin mota a bayanta.

"Mama, ki yafe mana," in ji Injiniya. "Ba zan bar ta ta tafi ita kaɗai ba."

A asibiti nas ɗin ta zauna ta kalli yadda yaron ke tsotso.

"Nononki lafiyarsa lau, ƙanwata. Kan kawai yake kamawa, shi ya sa kike jin ciwo, shi kuma ba ya ƙoshi."

Ta sa mata filo, ta juya yaron cikinsa ya manne da na Auta, ta ce ta jira ya wangale baki tukuna. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar haɗiya—ƙut, ƙut. Injiniya ya kau da kai yana goge ido.

Ciwon bai warke rana ɗaya ba, sun yi ta komawa. Mama kuwa ta daina amsa gaisuwarta, amma kullum Auta sai ta durƙusa ta gaishe ta. Har ranar da tsohuwar ta ɗaga jikan ta ji nauyi.

"Wannan kumatun fa? 'Yar nan, taurin kanki ya yi rana."

Neman taimakon wanda ya san aikinsa ba raina manya ba ne. Mace na iya tsayawa kan gaskiyarta ba tare da ta zubar da ladabinta ba.