Totuwa Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Da safiyar Litinin Dakta ta buɗe ɗakin sanyi na cibiyar binciken iri, ta tarar da akwati na goma sha huɗu wayam. Masara guda ce tak a ciki, amma shekara takwas ta yi tana haɗa iri kafin ta same ta. Ranar Laraba manyan baƙi za su zo su gan ta da idonsu. In babu ita, a rufe aikin.

Masarar kuwa abin kallo ce, kowace ƙwaya fara da ɗigo-ɗigon ja. Dakta ta taɓa yi wa Inna mai shara bayani, wai a cikin gadon halittar kowane mai rai akwai wasu 'yan guntaye marasa zama wuri ɗaya. In ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kan mai ba da launi, launi ya ɗauke. In ya tashi, launi ya dawo. Mutane ma suna da su, har wasu cututtukan daga nan suke.

"Ƙanwar mijina ke nan," in ji Inna a lokacin. "Gidan da ta sauka ba a dariya sai ta tafi."

Yau kam babu raha. Dakta ta shiga, ta fita, ta sake buɗe akwatin kamar masarar za ta ji kunya ta dawo. Inna ta kasa ko shara. Shekara ashirin tana kwashe kwandunan gidan nan, ta san mai shan magani a ɓoye, ta san mai yaga wasiƙa. Ta yi bayan ɗakin rainon shuka ta kifar da durom ɗin shara. Ga totuwa can ƙasa. An ɓare tsakiyarta tas, an bar ƙwayoyin kai da na gindi, lambarta tana ɗaure da zare yadda take.

Ban da Dakta, mutum uku ke da mabuɗi: mai gadi, Dogo mai kula da injuna, da Farfesa, wanda shi ya koyar da Dakta.

Inna ta fara da mai gadi.

"Baba, kai ka ci masarar mutane?"

"Busasshiya? Da wane haƙorin?"

Ya buɗe mata baki. Uku ne, ɗaya ma yana rawa.

Ta wuce wajen Dogo.

"Ɗan nan, in za ka ɓare masara yaya kake yi?"

"Inji mana, Inna. Wa ke da lokacin yatsa?"

Ta leƙa kwandonsa. Totuwoyinsa tsirara suke, ko ƙwaya ɗaya injin bai bari ba.

Ofishin Farfesa ta shiga da tsintsiya, ta yi ta sharar inda ba datti. Yana ta juya shayin da ya huce, ya zauna, ya tashi, ya gyara labule. Babban yatsansa naɗe da filasta.

"Ranka ya daɗe, me ya sami yatsa?"

"Ƙofa ce."

"Ƙofa ai farce take datsewa. Wannan kuwa a cikin yatsa yake."

"Shara kika zo yi ko asibiti kika buɗe?"

Inna ta leƙa waje ta yafito Dakta, ta ajiye totuwar a kan tebur.

"Mai yunwa ba ya barin saura," in ji ta. "Inji ma haka. Mutum ɗaya na sani da ke ɓare iri da yatsa, ya ɗebi na tsakiya ya bar na kai da gindi, wai su ba sa yin kyau. Shi ne kuma ya taɓa hana ni aiki kwana biyu don na raba totuwa da lambarta. Masara guda za ta turo aljihu, shi ya sa aka ɓare. Ranka ya daɗe, a buɗe durowa."

Farfesa ya jawo durowar. Ambulan ne ɗan ƙarami a ciki.

Dakta ta ce, "Malam, me na yi maka?"

"Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa guntayen nan tarkace ne marasa aiki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Jibi za ki ƙaryata ni a gaban baƙi. Na ɗauko in zubar. Har bakin magudana na je, hannu ya ƙi."

Dakta ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, ta ga ɗigonsu lafiya, sannan ta juya ambulan. A bayansa, da fensir, da kyakkyawan rubutun nan nasa, Farfesa ya sa lamba goma sha huɗu, ya sa kwanan wata, ya sa sunan mai iri, wato ita.

"Ɓarawo mai rubuta sunan mai kaya," in ji Inna. "Wannan ban taɓa sharo irinsa ba."

Dakta ta roƙe ta kada maganar ta fita, Inna ta dafa ƙirji ta yi alkawari. Da aka tashi aiki motar Farfesa ta zo fita, mai gadi ya buɗe ƙofa yana kallon sama, bai sara masa yadda ya saba ba.