An Cire Mata Inna

'Yar tsanar ta faɗo gabana, cikinta a farke, audugar rimi ta watse a kan tabarma.

"Ke kinka yi wagga?"

Hajjo ce ta tambaya, mahaifiyar Abdulwahabu, wanda saura wata ɗaya a ɗaura mana aure. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ni niy yi ta, Inna."

Goggona Kulu da ta rako ni ta mintsine ni a cinya, wai in sunkuyar da kai. Na sunkuyar saboda ladabi, amma ban ji tsoro ba.

Sadiyatu, 'yar baffan Abdulwahabu, ta matso ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan ƙunshin jar fata ne a ciki, an farke ɗinkinsa. Ta zaro wani ƙyalle baƙi da yatsu biyu kamar ta kamo kunama.

"Inna, ki duba da kyau. Wanga ba bakin ɗankwalinki na ba?"

Hajjo ta ce, "Shi na."

"To mi ya kai ɗankwalin uwar miji cikin laya, cikin ƙirjin ɗiyat tsana? Asiri na, wallahi. Ta gama da ɗa, yanzu uwa taka nema."

Hajjo ta dubi goggona. "Kulu, gobe ku maido muna da kayanmu. Gidan malamai ba shi haɗa zuri'a da mai wanga aiki."

Ni Mariyatu, 'yar Lawali baduku, tun ina shekara bakwai nake tsince guntayen fata a ƙarƙashin ƙafar babana ina ɗinka 'yan tsana. Kara ne ƙashinsu, audugar rimi ce namansu, kitsonsu kuwa baƙin zare. Ba na yi musu fuska, don haka ko malamai ba su taɓa hana 'ya'yansu saye ba. Duk yarinyar da za ta yi bikin 'yar tsana a unguwarmu, amaryar daga hannuna ta fito.

A kasuwa na fara ganin Abdulwahabu, shekara tara bayan shigowar Nasara Sakkwato. Dogo, da tawada a yatsunsa, yana tsaye a gaban faifaina yana kunya kamar wanda ya zo sata.

Ya sayi ɗaya. Bayan kwana huɗu ya dawo ya sayi wata. Da ya zo na uku na kasa yin shiru.

"Malam, ɗiyan tsana kaka kiwo, ko mai saidawa kaka zowa kallo?"

Ya yi murmushi har ya sosa ƙeya. "Duka biyu... amma ta hwarko ta hi gaskiya."

A nan ya ba ni labarin Jummai, autarsu, 'yar shekara shida, wadda agana ta tafi da idanunta. In ta ajiye 'yar tsana ba ta sake samunta. In Hajjo ta fita unguwa kuwa, kuka take har muryarta ta dushe.

Abin ya tsaya mini a rai.

A kwanakin ne wani kukun Bature daga Sabon Gari ya kawo wa babana gyaran wata dabbar tsumma mai gashi da kunnuwa zagaye, wai ta ɗan maigidansa ce. In an kwantar da ita sai ta yi gurnani. Babana ya ce shi ba ya taɓa abin da ke kuka ba rai, ya turo mini. Da na farke na tarar da ɗan gwangwani a ƙirjinta. Ashe ana yi wa abin wasa zuciya.

Ni ba ni da gwangwani mai kuka. Amma ina da fata, ina da basilla, kuma na san hancin makaho ba ya barci.

Na ce wa Abdulwahabu, "Ka samo min ƙyallen da Inna ta daɗe tana ɗaurawa."

Ya zaro ido. "Mariya, so kike a kashe ni?"

"Kai da kac ce ko rijiya nac ce ka hwaɗa kana hwaɗawa?"

"Rijiya daban, ɗankwalin Inna daban, hasken idona."

Amma washegari ya kawo. Na ɗinke ƙyallen cikin jar fata, na sa a ƙirjin sabuwar 'yar tsana, ya kai wa Jummai.

Yanzu ga shi ƙyallen nan ya zama shaida a kaina. Ana cikin haka na ji sallamarsa a tsakar gida, numfashinsa sama-sama, da alama gudu ya yi daga wurin aikinsa na rubutu.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, ni niy yanki ɗankwalin. Da hannuna. In laihi na, nawa na."

Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi, don na san nauyin wannan magana a gare shi a gaban mahaifiyarsa.

Sadiyatu ta tafa hannu. "Kun ji ko? Yaya da ko ƙwayar gero bai taɓa ɗauka ba, yau shi ka sata. In ba asiri ba, mi na?"

Na dube ta. Tun ranar da aka kai goron tambayata take kumbure-kumbure, kowa ya san wa take so. Ban ga laifinta a kan son ba, mutumin ya isa a so shi. Hanyar da ta biyo ce ba ta yi ba.

Hajjo ta ce wa ɗanta, "Tashi ka ba ni wuri. Maganarka ba ta da nauyi yau."

Bai tashi ba.

Na gyara zama. "Inna, ba ni rantsuwa, ba ni kuka. Alfarma guda nika roƙo. A kira Jummai."

"Yarinyar da kwana ukku ba ta ci abin kirki ba tun da anka ɗauke abin ga? Mi za ta ce?"

"Ban sani ba, Inna. Ban taɓa ganinta ba. Shi ya sa nika son a kira ta."

Hajjo ta ɗaga murya ta kira.

Yarinyar ta shigo tana lalube bango, siririya, fuskarta duk zanen agana. Na tattara audugar na mayar cikin 'yar tsanar, na bar ƙunshin fatar a hannun Sadiyatu, na miƙa wa Jummai 'yar tsanar.

"Jummai, ga ɗiyarki."

Ta cafke da sauri. Ta shafa kitson, ta shafa zanen, ta kai hancinta kan ƙirjin.

Ta sake shinshinawa.

Sai ta ɗago kai.

"Ita ta... amma an cire mata Inna."



Hajjo ta ce a hankali, "An cire mata wa?"

"Ke. Da in kin tahi unguwa, sai in rungume ta in ji ki a ciki. Kanumfari da man shanu da hayaƙin ɗakinki. Shi ya sa nid daina kuka." Ta juya kai tana neman inda muryar take. "Wa ya cire ki, Inna?"

Sadiyatu ta saki ƙunshin ya faɗi. Ba wanda ya kore ta, ita ta ga ƙofa ta bi.

Hajjo ta ɗauki ƙyallen ta kai hancinta. Na ga hawaye ya gangaro mata, kuma raina ya sosu, don ban zo in kunyata ta ba.

"Wata biyu ina cewa addu'ata ce ta kama," in ji ta.

"Ta kama, Inna. Allah ya biyo da ita ta hannun baduku, shi ke nan."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka. Sai ta kwance ɗankwalin da ke kanta, sabo fil, ta sa haƙori ta yage bakinsa, ta miƙo mini.

"Wancan ya tsuhwa, ƙamshin ya kusa hita. Kina da allura, ɗiyata?"

Goggona ta saki ajiyar zuciya har da salati. Ni kuwa na zaro allura daga kitsona, don ban taɓa fita ba ita ba.

Ina ɗinki Jummai ta rarrafo ta jingina da ni, tana shinshina wuyana.

"Ke kina warin hwata."

"Za ki saba, ƙanwata."

Ranar da aka kai ni, 'yan matan unguwa suka rako ni kowace da 'yar tsanarta a goye. Da mutane suka watse, Abdulwahabu ya ɗaga rawaninsa na angonci ya ga an yanke masa baki.

"Mariya... wa yat taɓa min rawani?"

Na nuna masa ɗan ƙunshin jar fata da ke rataye a wuyana.

"Kai ma kana tahiya wurin aiki, ango na. Ni wa za ya tsaya min?"