Filashin Uku

"Saude! Tuwonki ya kama!"

Ban ɗago ba.

"Ina zuwa," na ce, yatsana na kan waya.

Sai ji na yi an zare ta daga hannuna. Mas'udu ne, mijina, ƙurar hanya har a girarsa. Hayaƙi ya cika tsakar gidanmu na Gusau, ni ko ƙaurin ban ji ba.

"Ba ni wayata!"

"Na yi miki filashin tun daga Tsafe. Ba ki mayar ba."

"To ba ga ka ba, lafiya lau?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye wayar a kan turmi a hankali.

"Sanyin idona... da ba haka kike ba."

Gaskiya ya faɗa.

Mas'udu direban a-kori-kura ne, yana ɗauko hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. A Bungudu muka haɗu, ina talla a bakin tasha, ya sayi ƙosai ya manta da shi a hannuna saboda kallo. Inna, mahaifiyarsa, ba ta so ni ba. Ita Suwaiba ta so masa, ɗiyar ƙanenta ta Nahuce. Shekara biyu ya yi yana roƙo kafin ta sakar masa.

Tun muna zance muke da alamarmu, don sau da yawa kuɗin wayarsa ba ya isa kira. Filashin ɗaya, ya isa lafiya, sai in mayar masa da ɗaya. Biyu, yana hanyar gida, in ɗora ruwa. Uku kuwa, ko me nake yi in ajiye in kira shi, akwai matsala. Shekara huɗu bai taɓa yin uku ba.

Shi ya sayo min babbar wayar. Ya ce zaman kaɗaici ya yi min yawa, tunda Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Wata maƙwabciya ta saka ni a wani guruf, Zauren Matan Ƙwarai. Mata sun fi ɗari biyu. Ni karatuna bai yi nisa ba, saƙon murya nake saurara, shi nake turawa. Ranar farko da na yi magana aka yi ta dariya, ana cewa Saude kin iya zance. Ban taɓa jin mutane da yawa haka sun saurare ni ba.

Daga nan na tafi.

Ina wanki wayar tana kan bokiti. Ina sallah ina jin tana ƙara, in yi sauri in sallame. In caji ya ƙare sai in ji kamar zazzaɓi. Aka zo ana hirar maza, kowa na kawo nata, ni ma na kawo nawa. Na ba da labarin filashin. Na ba da labarin Inna, har da kwaikwayon muryarta.

Wata mai suna Gimbiya ta ce, "Ke 'yar uwa, wannan ba so ba ne, gadi ne! Kullum ki zauna jiran ƙarar waya kamar akuyar ɗaure? Bar mayar masa, ki ga yadda zai san darajarki."

Na ɗauka.

Ban san Gimbiya Suwaiba ce ba sai ranar da Inna ta zo tun daga Nahuce, ko zama ba ta yi ba, ta kunna min muryata. Suwaiba ce ta kai mata, ashe ita ke amfani da wannan suna a guruf ɗin.

"Mi na yi miki, Saude? Ni kika mai da abin dariya gaban matan duniya?"

Mas'udu ya durƙusa ya ba ta haƙuri a madadina. Da ta tafi ya ce, "Ki fita daga wurin nan. Don Allah, ba don ni ba."

"Zan fita. Amma sai na faɗa wa Suwaiba abin da ke raina."

"Bar ta da Allah."

"Gobe kawai..."

Gobe ita ce Alhamis. Ya yi sammako zai ɗauko dawa a wani ƙauye bayan Kucheri. A bakin ƙofa ya juyo.

"Yau ki mayar min, kin ji? Ko sau ɗaya."

"Na ji," na ce. Ina neman sunan Gimbiya a waya.

Bayan azahar faɗa ya kankama. Ina cikin ɗaukar murya, ina zazzaga mata, sai wayar ta yi ƙara, saƙon ya katse. Mas'udu. Na yi tsaki na sake farawa.

Ta sake ƙara. Saƙon ya sake katsewa.

Ta uku ban ma ƙirga ba. Na ce a fili, "Kai mutumin nan, ka bari in gama mana!"

Na gama. Mata suka yi ta tafa min. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi.

Wajen la'asar wata ta turo hoto. Mota ta kife a kwari, a hanyar daji bayan Kucheri, ba a ganta da wuri ba, direba ya rasu kafin a kai shi asibiti. Na danna na ce, "Allah ya jiƙan musulmi," kamar yadda kowa ke cewa. Na wuce zuwa saƙo na gaba.

Sai wani abu ya ce min koma.

Na buɗe hoton da yatsu biyu. A jikin sitiyari akwai jan zaren saƙa. Ni na naɗa shi da hannuna, satin bikinmu, don kada ƙarfe ya ƙona masa hannu.

Ban san na yi ihu ba, sai ganin maƙwabta na yi a kaina.

Waɗanda suka ciro shi sun ce ƙafarsa ce ta maƙale, jini ya yi ta zuba. Hannu ɗaya ne ke motsi, lambar da ke sama kawai ya iya dannawa, tawa ce. Wansa Kabiru yana Tsafe a ranar, da babur ɗinsa. Da na kira, da na ji inda yake, da na gaya wa Kabiru...

Malamai sun ce min kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ni na san abin da nake yi a lokacin.

Ranar addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗaki. Na zaci zagi ne. Sai ta miƙo min wayarsa, gilashin ya tsage.

"Riƙe. Ke ya nema, ba ni ba."

Ta jawo ni jikinta muka yi kuka. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ni.

Na fita daga guruf ɗin ina cikin takaba. Mata ɗari biyu, ba wadda ta tambayi ina Saude.

Wayarsa tana cikin akwatina, ina yi mata caji duk Alhamis. In azahar ta wuce sai in zauna a bakin gado in kira lambarsa. Ina jin tana ƙara a ƙarƙashin zannuwa, ban katsewa, har ta gaji ta yi shiru.