Tsohuwar Bakin Tur'a

Bilyamin ya faɗaɗa silindar injin babur ɗinsa, ya sa masa fistan mai girma don ƙara gudu, don kada a samu wanda zai kamo ƙurarsa a duk garin Wad Haddad. Yana gama ɗaure injin da almuru, aka kira shi cewa matarsa Ibtisam tana kan gwiwa a ƙauye.

Sabon fistan ba ya son gudu sai ya saba, don haka ya bi bakin tur'a, hanyar ruwan gonaki, a hankali. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ga wata tsohuwa cikin farin mayafi tana tafiya daidai kafaɗarsa, tana warin danyar ƙasa. Ya yi mata sallama, ba ta amsa ba.

Ya murɗa totur har ƙarshe. Injin ya yi ruri, gonakin auduga na wucewa fuu, iska na fitar masa da hawaye. Ya waiga. Tana nan gefensa, takunta bai sauya ba, ko bakin mayafinta bai motsa ba.

"Kada ka ƙona injinka, ɗana," in ji ta. "Ni ma gidanku za ni, kuma zan riga ka."